Wankan Jego a Ƙarƙashin Mita Ɗaya

Har yau in na ji an ce fatura, wato takardar kuɗin wuta, ta zo sai gabana ya faɗi, ko da kuwa ba ni ce zan biya ba. Abin ya samo asali ne daga shekarar da na haifi 'yar fari, muna zaune a wani tsohon bene a unguwar Kurayyat a Jidda. Gida huɗu ne a cikin gida ɗaya. Ni da maigidana muna sama, kusa da mu wani tela da iyalinsa, sai wasu gwauraye biyu, wa da ƙane, masu aikin dako a Khumra. A ƙasa kuma Alhaji ne da matarsa Hajiya. Alhaji mutumin Damagaram ne, a Jidda ya yi furfura. Shi ya kama hayar gidan gaba ɗaya a hannun Balaraben da ke da shi, mu kuma muka kama ɗakuna a hannunsa. Mitar wuta guda ɗaya ce tak, addad kamar yadda ake ce mata a nan, kuma a wayar Alhaji saƙon fatura ke sauka duk wata. Shi zai raba, kowa ya kawo nasa. A irin gidajen nan wanda ke riƙe da mita shi ne hakimi, ko ba a naɗa masa rawani ba.

Kada in ɗauki alhakinsa, Alhaji ba mugun mutum ba ne. In ya sayo kankana sai ya aiko mana da rabi. Ciwonsa ɗaya ne: in ya riga ya ce abu kaza ne, ko malamin da ya biya masa allo bai isa ya sauya masa magana ba.

Inna, mahaifiyata, ta zo umra ne cikin azumi, cikina ya tsufa. A wajenmu haihuwar fari gida ake zuwa, uwa ta yi wa 'yarta wanka har ta yi arba'in. Ni kuwa iƙamata, takardar izinin zamana, tana hannun kafilin maigidana, Balaraben da ya ɗauke shi aiki, ana sabuntawa, ga kuɗin jirgi, tafiya ba ta yiwu ba. Shi ne gida ya zo ya same ni. Babanmu ya riga ya rasu, ni kaɗai ce 'yarta mace, ƙanena yana can da iyalinsa a ɗaki biyu. Tun kafin jirginta ya sauka na ƙulla a raina cewa ta zo ke nan. Kwanakin bizarta suka ƙare tana jiran naƙudata, ta shiga sahun marasa takarda. Kowa ya san abin da ke biyo bayan haka. Wanda kwanakinsa suka wuce, in zai koma sai ta tarhil, inda ake tsare mutum a ɗauki zanen yatsunsa a sa shi a jirgi, a kuma rufe masa ƙofar ƙasar shekara da shekaru. Ga mace mai shekarun Inna, in ta bi wannan hanya to mun yi sallama.

Ba askarawa nake tsoro ba, don Inna ko ƙofar gida ba ta cika leƙawa ba. Zuciyarta nake tsoro. Mace ce da ba ta zama inda ake ƙirga mata loma. Na sha ganinta ta tashi daga gidan biki da yunwarta saboda kallo ɗaya da aka yi mata. Saboda haka na yi ta kaffa-kaffa, ina tare duk wata magana tun kafin ta iso kunnenta.

Ana haka aka zo aka cire tsohuwar mitarmu mai faifan nan da ke juyawa, aka kafa sabuwa mai ƙiftawa da ɗan koren ido. Ita wannan ba a zuwa karanta ta, da kanta take kai rahoto. Zafi na shigowa fatura ta hau. Alhaji kuwa yana da ƙane a Faransa, suna waya duk Juma'a. Ƙanen ya ce masa ai su can irin wannan mitar gare su, ta san rana ta san dare, wutar rana tsada, ta dare araha, har hitarsu ba ta tashi sai mutane sun kwanta. Alhaji ya haɗa wannan da wancan, ya ce yauwa, ga inda gizo ke saƙa. In ba don ta san lokaci ba, me ya sa za a cire mai lafiya a kawo mai ido?

Ya tara mazan gidan bayan sallar Juma'a ya kafa doka. Daga asuba zuwa isha'i ba guga, ba injin wanki, ba sakhan, wato hitar ruwan wanka. Mukayyif ɗaya kowane gida zai kunna da rana, don ko Alhaji bai isa ya hana na'urar sanyi a Jidda ba. Bayan isha'i, wuta ta yi araha, kowa ya yi abin da ya ga dama. Allon makunnan gidan yana jikin bangon ƙofarsa, ya gano na hitoci, in ya dawo daga sallar asuba ya sauke shi, in ya dawo daga isha'i ya ɗaga. Tela ya yi ƙorafi don shi da dutsen guga yake cin abinci, aka ce ya tara gugarsa sai dare. Gidanmu ya koma gidan jemagu, ana sallame isha'i injinan wanki su ɗauki kuka.

Dokar hita ba ta dami kowa ba. Wa ke neman ruwan zafi a Jidda da bazara? Tankin gidan yana kan rufi yana shan rana, da azahar in ka buɗe famfo sai ka janye hannu. Ni ma dariya na yi lokacin. Sai da na haihu na daina dariya.

Wankan jego sau biyu ne, da safe da kuma bayan la'asar. Inna ta sa maigidana ya murɗa hitarmu har ƙarshe, ta taɓa ruwan ta ce ba laifi, ya kusa na gida. Ganyen darbejiya kuwa ga bishiya nan a bakin layi, matar tela ke tsinko mata. Na safe bai ba mu wahala ba, ruwan ya kwana yana zafi. Na la'asar ne matsalar. Mun ƙarar da ruwan tun safe, makunni yana ƙasa a sauke. Na ce mata mu yi da na famfo mana, ai ga shi nan kamar ya tafasa. Ta sa yatsa ta yamutsa fuska, ta ce wannan ruwan rana ne, zafinsa a fata yake tsayawa, mai jego ruwan da wuta ta dafa take so.

Ta yi abin yadda ya kamata. Ta yafa mayafi, ta ɗauki goro, ta sauka wajen Hajiya, ita kuma ta yi mata iso wajen Alhaji. Ina laɓe a saman matakala ina ji. Ya karɓe ta da mutunci, ya yi barka, ya sa wa jaririya albarka. Da ta faɗi buƙatarta ya ce abu mai sauƙi ne, a mai da wankan bayan isha'i.

"Alhaji, mai jego ba ta wanka in rana ta faɗi," in ji Inna. "Haka na tarar, haka aka yi mini."

"Hajiya, ni ma ba ni na sa dokar ba," ya ce wa Inna. "Mita ce."

Na leƙo na ce to mu za mu biya ƙarin, awa ɗaya kawai. Ya ce mita ba ta san ɗakin wane ba, in ta rubuta tsada kowa ta rubuta wa, kuma in ya ɗaga mana yau, gobe tela zai jona gugarsa. Bakina ya fara motsi, don ni ba ni da haƙuri, kowa ya sani. Inna ta ɗago ta yi mini kallo ɗaya na haɗiye maganata.

Da muka koma ɗaki na ce mata a bar na la'asar ɗin mana, ai ko a asibitin da na haihu sun ce ba dole ba ne, har ma sun ce a rage zafin. Ta ce su asibitin ne za su zauna da ni in na tsufa sanyi ya riƙe mini ƙugu? Ba za ta yi mini rabin wanka in zo ina zaginta bayan ranta ba. Washegari ta aro babbar tukunyar matar tela, wadda ake dafa abincin suna da ita, ta ɗora a kan gas. Kicin ɗinmu na sama yana wannan ƙarshen baranda, banɗaki yana wancan ƙarshen, ga wani ɗan tudun dakali a tsakani. In ruwa ya tafasa sai ta riƙa kwasa da ƙaramin bokiti, ta je ta dawo, ta je ta dawo, da gwiwoyinta masu ciwo. Ni ta hana ni ɗaukar ko da buta. Maigidana kuwa direban gida ne a Aziziyya, in ya fita da sassafe ya kai yara makaranta, sai ya sauke uwar gidan daga kasuwa da dare yake dawowa.

Zan faɗi gaskiya, na so wankan nan duk da ihun da nake yi. Ni 'yar fari ce, Inna kunyata take ji. Tunda na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ke, ko yarinyar nan. Ban tuna ranar da ta taɓa rungume ni ba. Amma a banɗakin nan, tururi ya rufe mu, ta tsoma ganye ta fyaɗa mini a baya, ina tsalle tana cewa raguwa kawai, haka za ki yi reno? In ta gama sai ta dafa bayana da tafin hannunta ta danna a hankali, ta daɗe ba ta ɗauke ba. A nan take ba ni labarin haihuwata, da yadda kakata ta yi mata nata wankan da itacen ƙirya. Abin da ban samu ba ina yarinya, shi na samu ina da 'ya a hannu. Ina fitowa ta miƙo mini kunun kanwa ta koma ke da yarinyar nan.

Wata rana maigidana ya dawo da labari. Ya tambayi kafilinsa zancen wutar dare, mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce masa a gidajen zama ba ruwan mita da rana ko dare, yawan abin da aka sha take dubawa. Akwai iyaka, in an tsallake ta sai sauran ya koma farashi mai tsada. Gida huɗu a kan mita ɗaya da bazara kuwa, ko a tsaye suke kwana sai sun tsallake. Na ce alhamdu lillahi, maza sauka ka gaya wa Alhaji. Ya sauka, ya zagaya ya zagaya kamar mai neman aure, ya faɗa. Alhaji ya tambaye shi ko kafilin nasa ne ke biyan faturar gidan nan. Ya ce mai kuɗi ina ya san farashin wuta, shi da ko duba saƙon ba ya yi? Ƙanensa na Faransa kuwa da idonsa yake ganin nasa.

Maigidana ya hawo ya ce mini a yi haƙuri. Ranar na yi masa tas. Na ce gaskiya tana hannunka ka ajiye ta ka hawo da haƙuri, me zan yi da haƙuri, ruwa zai dafa mini? Ya bar ni na gama, sannan ya ce in tuna ɗakin nan a hannun Alhaji yake. In ya ce mu tashi, wane mai gida ne zai karɓe mu da tsohuwa mara takarda? Gaskiya ya faɗa, kuma hakan ya fi ba ni haushi.

Fatura ta zo, ta fi duk wadda aka taɓa gani a gidan. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Alhaji ya sake tara mutane a gindin matakala bayan Juma'a. Ina sama ina ji, Inna tana bakin ƙofar ɗaki da jaririya a cinya. Maimakon ya ce dokar ba ta yi aiki ba, cewa ya yi akwai mai satar wutar rana a gidan nan, Allah kuma yana ganinsa. Babban gwauron ya ce su dai rabin watan a Khumra suka kwana, ɗakinsu a kulle, don me za su biya daidai da kowa? Alhaji ya ce masa ko gidan gaba ɗaya aka kulle aka tafi, ko ƙwan fitila ɗaya ba a kunna ba, akwai kuɗin da ake biya duk wata na mitar kanta, don kawai tana maƙale a bango. Aka yi ta ja-in-ja. Sai Hajiya, da ba a saba jin bakinta a taron maza ba, ta sako baki daga bayan labule. Ta ce lokacin da aka yanke rabo ɗaki-ɗaki an san mutanen kowane ɗaki. Yanzu kuwa akwai ɗakin da mukayyif ba ya hutawa, saboda akwai ƙarin mutum da ba a yi lissafi da shi ba.

Ban san lokacin da na sauka ba, zani a ƙirji. Na ce mata in da mai magana a kan uwata ya fito fili ya kira sunanta. Na ce kankanar da ake aiko mana in ta gori ce a daina. Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita ba, tela yana ba ni haƙuri, maigidana yana jan hannuna. Ina jin daɗin kaina na hawo, wai na rama wa Inna. Na same ta tana jijjiga yarinya, fuskarta ba yabo ba fallasa. Ba ta yi mini faɗan rashin kunya ba, abin da ya fara tsorata ni ke nan.

"Ashe a ƙasar nan ƙarfe ma kuɗin zamansa ake biya," ta ce, ba ta dube ni ba. "To ni nawa ne nawa?"

Na ce haba Inna, wace irin magana ce wannan. Ta ce a'a, tambaya ta yi.

Daga ranar ta sauya. In na yi barcin azahar sai ta kashe mukayyif ta zauna tana yi wa yarinya fifita da murfin kwali, mu farka jiƙe da gumi. In an zuba mata abinci ta ci rabi ta ce ta ƙoshi. Ta daina zama a baranda. Zirga-zirgar bokiti ma ta fara damunta, don duk zuwa da dawowa sai ta wuce ƙofar tela da saman matakala, inda na ƙasa ke iya ganinta. Ba ta son a riƙa ganinta tana kai da kawo kamar mai gida. Sai ta koma rage ruwan tukunyar kaɗan, ta naɗe hannuwanta da tsumma, ta ɗauko ta ɗungurungum a tafiya ɗaya. Na hana, na yi magiya, na ce zan kira matar tela su kama tare. Ta ce ta ɗauki tulun da ya fi wannan tun ban zo duniya ba.

Ranar da abin ya faru ina cikin banɗaki ina jiranta. Na ji ƙarar tukunya a kan dakalin nan, sannan na ji ta ce innalillahi, a hankali, kamar wadda ta tuna wani abu. Na fito na same ta a tsaye ta dafa bango, tururi yana tashi daga zaninta. Daga ƙwaurinta na dama har yatsu ruwan ya wanke. Na ja ta na buɗe famfo don in sanyaya mata, ruwan tanki ya zubo da zafinsa, na ƙara mata a kan na da. Matar tela ce ta ture ni ta buɗe na hita. A duk gidan nan ba inda ruwan sanyi yake sai cikin hitar da aka kashe.

Muka sayo man ƙuna a kantin magani. Da abin ya ƙi, maigidana ya kai ta wani ƙaramin asibitin kuɗi da ba a cika tambayar takarda ba, ana wanke mata ana naɗewa. Inna tana da ciwon suga, ciwon ya ƙi rufewa, yatsu biyu suka fara baƙi. Likitan ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, sai babban asibiti, a kwantar da ita. Babban asibiti kuwa kafin a tambayi inda ke maka ciwo iƙama ake tambaya. Wanka ya tsaya, na safe da na la'asar duka. Ni da ɗanyen jiki na koma ina kama ta zuwa banɗaki, ina wanke mata ƙafa, tana kau da kai don kada mu haɗa ido.

Da safe ne ta faɗa, ina shafa mata magani.

"Na zo in yi miki aiki, na zama aiki. Ki gaya wa yaron nan ya kai ni inda ake kwasar masu komawa."

Na yi kuka, na yi faɗa, na ce za mu sayar da 'yan kunnena da sarƙata, za mu nemo likitan da zai zo gida. Na ce in ta tafi ba za a sake barinta ta shigo ba, ta sani kuwa? Ta ce ta sani. Maigidana ya durƙusa ya roƙe ta, shi da ba su taɓa doguwar magana ba saboda surukuta. Har Alhaji ya hawo, karo na farko da na ga ƙafarsa a sama, ya ce kuɗin magani a kansa, abin da ya faru ƙaddara ce, Hajiya kuma ba da ita take ba. Inna ta yi masa godiya sosai. Ta ce a gida asibiti ba ya tambayarta takarda, in ma yanke ƙafar za a yi, gara a yanke ta inda aka san gidan ubanta. Da ya sauka na saurara ko zan ji ƙarar makunni. Bai ɗaga ba, shi har lokacin bai ga abin da ya haɗa mita da tukunya ba.

Ban raka ta ba, don ban yi arba'in ba, kuma ita ta hana. Ta ɗauki jaka ɗaya, ta bar mini sauran kanwa da yaji. A bakin ƙofa ta karɓi yarinya ta tofa mata addu'a, ta miƙo mini. Ta ce in riƙa rufe ƙirjina, kada in sha ruwan firji, kada in zauna a saitin mukayyif. Na jira ko za ta ƙara wani abu. Ta dafa kafaɗar maigidana ta fara sauka da ƙafa ɗaya, ban ga fuskarta ba.

Tana nan da ranta. An cire yatsun biyu a gida, ƙafar ta tsira, tana ɗingisawa. Yarinyar da ta yi wa addu'a yanzu tana makaranta, Larabci ya fi yawa a bakinta, in na ba ta waya su gaisa da kakarta sai ta ce lafiya lau, lafiya lau, ta miƙo mini. Mun bar gidan Kurayyat da daɗewa, muna da mitarmu mu kaɗai. Inna ba ta sake taka Jidda ba, ni kuma sau ɗaya na samu zuwa gida.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne 'yan kwanaki bayan tafiyarta. Wata faturar ta zo, ta ma fi waccan. Wannan karon Alhaji bai tara kowa ba. Ya sa babbar riga ya tafi ofishin wuta da kansa, wai zai kai ƙarar mita. Abin da aka gaya masa a can bai faɗa wa kowa ba, ya dawo ya shige ɗaki. Ana kiran la'asar na ga jar fitilar hitarmu ta kama, da rana tsaka. Jim kaɗan aka yi sallama, na buɗe, Hajiya ce. Tun ranar taron ba mu yi magana ba. Ta tsaya tana murza bakin mayafinta, ta ce Alhaji ya ce a gaya wa kowa doka ta tashi, ashe abin ba haka yake ba. Ta ce in kunna hitata duk lokacin da na so.

Na yi zaton in ranar nan ta zo zan zazzage mata duk abin da ke cikina. Na buɗe baki, abu ɗaya ne ya fito.

"Wa zai yi mini wankan?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce in ba zan damu ba, ita sai ta riƙa hawowa ta yi mini, ai ta iya. Na ce mata ta bari, na gode, na yi arba'in tun shekaranjiya. Ta juya ta sauka.

A lokacin Inna ba ta ma bar ƙasar ba. Tana tsare a tarhil a hanyar Makka tana jiran jirgi, da ƙafa a naɗe, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga inda nake tsaye. An riga an ɗauki zanen yatsunta, kuma babu waya a hannunta. Na zauna a bakin gado da yarinya, ina jin hita tana dafa ruwa, ba ni da hanyar da zan gaya mata ta dawo.